Yadda za ka tara littattafan aikin garka kuma su yi maka amfani, mataki-mataki

Duk shekara in sanyi ya matso tambayar guda ce ake ta jefo mini, masu garka a Gamkalle da Saga da Kirkisoy, da matan da ke da ɗan fili a bayan gida nan cikin Yamai, har da ƴan uwa na Tawa da Ƙwanni: wane littafi zan nema, ina ake samunsa, kuma in na samu yaya zan yi da shi tunda duk lissafinsu na hekta ne ni kuwa fangali shida gare ni. To ga amsar a jere. Tun farko dai ku sani ba yawan littattafai ake nema ba, takardu goma da aka rubuta don ƙasarmu da yanayinmu sun fi akwati cike da na ƙasashen ƙanƙara.

1. Fara daga garka, kar ka fara daga kasuwa

Ka ɗauki kaye da bik ka zauna ka rubuta abu uku. Me kake shukawa ko kake son shukawa bana (albasa, tumatir, shu, salati, tattasai, zogale, ko menene), da wane ruwa kake ba su, na kogi ko rijiya ko famfo, sannan me ya fi cutar da kai bara. Tsutsa ce ta cinye shu, ko furen tumatir ne ya zube, ko albasa ce ta ruɓe a rumbu kafin kuɗinta ya tashi. Wannan ƴar takardar ita ce za ka riƙe a hannu duk inda ka je neman littafi.

Gargaɗi: kar jerin ya wuce kayan lambu huɗu ko biyar a shekarar farko. Mai neman littafin komai da komai shi ne ke dawowa gida da ƙaton littafin furanni na Turai.

2. Takardu iri huɗu ne kawai kake buƙata

Na farko takardar bayani ta kowane iri, wadda ma'aikatan gona ke kira fish teknik, shafi biyu zuwa shida ce, tana gaya maka lokacin zuba iri da tazarar dashe da taki da kwanakin girbi. Na biyu littafin ƙwari da cututtuka mai hotuna masu launi. Na uku jerin magungunan ƙwari da aka yarda da su a hukumance, sabo fa. Na huɗu littafi guda na gama-gari, kan ƙasa da takin gargajiya da ban ruwa da adana iri. Shi ke nan. Sauran duk ƙari ne, in kuɗi ya ragu.

3. Nemi na kyauta tukuna

Mafi yawan abin da ɗan garkar Nijar ke buƙata ba sayar da shi ake yi ba. RECA, wato haɗin gwiwar majalisun manoma na ƙasa da ke nan Yamai, suna fitar da fish teknik kan albasa da tumatir da shu da dankalin turawa da zogale, da takardu kan ƙwari masu hotunan da aka ɗauka a garakenmu, duk suna kan shafinsu na intanet kyauta, kuma suna da wani rumbun littattafai na intanet mai suna Duddal inda aka tara takardun noma da kiwo na Nijar masu yawan gaske. In kana jiha, ofishin CRA, wato majalisar manoma ta jiharka, reshensu ne, a Tawa akwai. INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, su ma suna da takardu kan iri, haka ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Sadore kudu da Yamai, su ne suka yi aiki sosai kan zogale PKM1 da irin salati da tumatir masu jure zafi. In za ka bincika a waya ka rubuta da Faransanci, misali fiche technique oignon Niger, kar ka bar kalmar Niger ɗin, in ka bar ta sai ya kawo maka na Faransa ko Maroko.

Na gama-gari kuwa akwai ƴan ƙananan littattafan nan na Agrodok da wata ƙungiya ta Holan mai suna Agromisa ta fitar don manoman ƙasashe masu zafi, akwai na takin kompos, na tumatir, na adana iri, da Faransanci da Turanci, ana sauke su kyauta. Akwai kuma babban Mémento de l'agronome, bugun 2002, ya haura shafi 1,500. Wannan kam ka bar shi a waya ko kwamfuta don duba abu guda in ya taso, ba na fitarwa a takarda ba ne, kuma gaskiya harshensa na injiniyoyi ne.

Masu karanta Hausar boko, cibiyar NAERLS ta jami'ar Zariya tana buga takardun faɗakar da manoma har da Hausa, in kana da mai zuwa Najeriya ka yi masa saƙo. Sai dai ka tuna ruwan saman Zariya ya kusa ninka na Yamai, balle na Tawa, don haka abin da suka faɗa kan damina ba naka ba ne kai tsaye, na noman rani ne ya fi kusa da namu.

Sai bayan duk wannan ne za ka leƙa wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, gefen babbar kasuwa da wajajen jami'a. Ana dacewa wani lokaci, musamman littattafan tsofaffin ɗaliban aikin gona da takardun furoje-furoje da suka rufe. Ka taya, kar ka biya kuɗin farko da aka faɗa.

4. Tantance littafi kafin ka biya ko ka fitar

Nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, don haka bari in daɗe a nan.

Buɗe shafin farko ka ga ina aka rubuta shi kuma don su wa. Littafin da aka yi don Faransa zai ce ka zuba irin tumatir a watan Maris ka dasa a Mayu, saboda su sanyi suke gudu. Mu a nan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, furen tumatir zubewa yake yi tun kafin nan, kakarmu ta kayan lambu daga Oktoba ce zuwa Maris. Wanda ya bi kalandar wancan littafin kamar wanda ya sa rigar sanyi ne da azahar ɗin bazara. Abin da aka rubuta don Nijar shi ne na ɗaya, sai na Burkina da Mali da Senegal da arewacin Najeriya. Na bakin teku kamar Kwatano ko Abijan ka yi hattara da shi, cututtukan da ke damunsu na laima ne, mu kuma ƙwari da zafi da ƙarancin ruwa ne suka fi cinmu.

Sai ka duba shekara. Maganar ƙasa da taki da tazarar dashe ba ta tsufa sosai, littafin shekara talatin ma zai yi. Amma maganar iri da ƙwari da magani tana tsufa da sauri. Ga gwaji mai sauƙi: buɗe babin tumatir ka nemi Tuta absoluta, ƴar tsutsar nan da ke shiga tsakiyar ganye tana barin farin tabo kamar an zana taswira sannan ta huda ɗan tumatir. Sai bayan 2010 ta shigo Afirka ta Yamma, in littafin bai san da ita ba to babin ƙwarinsa ya tsufa, ka ɗauki sauran ka bar wannan.

Sai sunayen iri. In ka ga Violet de Galmi a albasa, ko Roma da Tropimech da Mongal a tumatir, ko Oxylus da KK Cross a shu, to marubucin ya san kasuwarmu. In duk sunayen babu wanda mai sayar da iri na unguwarku ya taɓa ji, littafin ba zai kai ka ko'ina ba.

Littafin ƙwari kuma hoto ne ransa. Zanen baƙi da fari ba zai raba maka jan gizo-gizo da ƙwaron da ke tsotsar ganyen albasa ba. Ka nemi wanda ke nuna ƙwaron da kansa, da ƙwansa ko tsutsarsa, da irin ɓarnar da yake bari a ganye, in da hali har da kumburin saiwa da tsutsar ƙasa ke jawowa, wanda sai ka tumɓuke shuka kake ganinsa.

Gargaɗi: takardar da kamfanin sayar da iri ko magani ya buga tana da kyau wajen hoto, amma talla ce. Yawan amfanin da suka rubuta na gonar gwaji ne mai ruwa da taki ba yankewa, kar ka ci bashi a kansa.

5. Fitar da abin da ya kamata a takarda, sauran ka bari a waya

Waya tana mutuwa, tana faɗawa rijiya, rana kuma ba ta barin ka ga allonta a tsakiyar garka. Don haka fish teknik na kayan da ka lissafa a mataki na 1 ka fitar da su. A wajen masu fotokopi baƙi da fari yawanci dala biyar ne shafi, wato sefa 25, wajajen jami'a ana samun ƙasa da haka in shafukan da yawa, mai launi kuwa ya ninka sau da yawa, shi ya sa shafukan hotunan ƙwari kaɗai za ka yi wa launi. Ka ce a buga gaba da baya. Kar ka sa a ɗaure su da zoben roba, ka sayi kilasar mai aljihun leda, kowace takarda cikin ledarta, hannu mai laka ba ya ɓata ta kuma in sabuwa ta fito sai ka zare tsohuwar ka sa. Ka jera su iri-iri, albasa wuri guda tumatir wuri guda, ba bisa inda ka samo su ba. Da kilasar da leda da bugawa da kaye mai kauri, in ba ka yi almubazzaranci ba jika biyar zuwa goma za su tsayar maka da komai, farashi dai yana motsi.

Na cikin waya kuma ka buɗe musu jaka guda, ka canza musu suna da Hausa yadda za ka gane (albasa dashe, shu tsutsa), ka kwafa a katin memori ko kile ka ajiye gida. Wanda ya bar su cikin WhatsApp ranar da waya ta cika ya goge sun tafi.

6. Maida lissafin hekta zuwa fangalinka

Wannan shi ne matakin da ke raba wanda littafi ya yi wa amfani da wanda ya ajiye shi don ado. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce. Ka auna fangalinka da igiya ko mita, tsawo sau faɗi, a ce mita 5 da mita 1, murabba'in mita 5 ke nan.

Takin zamani: duk adadin kilo a hekta ka raba shi da 10, abin da ya fito giram ne a murabba'in mita. In takarda ta ce NPK 15-15-15 kilo 300 a hekta, giram 30 ne a mita, fangalinka na mita 5 zai ci giram 150. Takin gargajiya kuma da tan suke faɗa, tan 20 a hekta kilo 2 ne a mita, kilo 10 ke nan a fangalin. Ruwa suna faɗarsa da milimita, milimita guda lita guda ce a murabba'in mita, in aka ce milimita 6 a rana to lita 30 ne, arozuwar mai lita 10 sau uku. Tazara kuma in an ce albasa santimita 15 da 15, wajen ƙafa 44 ne a mita, fangalin zai ɗauki kamar 220, daga nan ka san yawan dashen da za ka saya ko ka rena.

Yanzu giram 150 ɗin nan ba za ka riƙa yawo da sikeli a garka ba. Ka je wajen mai ƙaramin sikeli sau guda, ko mai shago ko mai sayar da iri, ka tafi da gwangwanin tumatir ƙarami da gidan ashana da kofin shayi, ka auna kowanne cike da NPK a shafe bakinsa, ka sake aunawa da takin ure domin nauyinsu ba ɗaya ba ne, ure ya fi sauƙi. Ka rubuta a bangon kilasar. Sai ka koma kan kowace fish ka rubuta a gefe da bik: fangali guda, gwangwani kaza. Yaron da ke maka ban ruwa ma zai iya bi ko ba ka nan.

Gargaɗi: ka karanta da kyau ko adadin na duk kaka ne ko na zubi guda. Ure musamman kashi-kashi ake ba da shi, sau biyu ko uku, wanda ya zuba na kaka gaba ɗaya rana guda zai ƙone shukarsa, a albasa kuma in ure ya yi yawa ko aka makara da shi sai ta yi ruwa ta ƙi ajiyuwa. Kuma wasu takardun sinadarin suke ƙirgawa ba buhun ba, in ka ga an rubuta N kawai to ka tuna ure kashi 46 cikin 100 ne sinadarin, kilo 46 na N shi ne kilo 100 na ure.

7. Maganin ƙwari: littafi ba shi da maganar ƙarshe

Littafi zai taimake ka ka gane ƙwaron. Amma wane magani za ka fesa, wannan sai ka haɗa da jerin kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, CSP, wanda ke ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, ana sabunta shi lokaci-lokaci kuma ma'aikatan kare tsirrai da RECA suna da shi. Tsofaffin littattafai cike suke da DDT da lindan da endosulfan, shi endosulfan tun 2007 aka hana shi a ƙasashen CILSS. Ka ɗauki jan bik ka ja layi a kan irin waɗannan a littafinka, don wani zai ara ya karanta bai sani ba. Kuma ka duba sunan sinadarin da ke cikin kwalba, ba sunan kasuwa ba, sinadari guda yana zuwa da suna goma, sannan ka duba ko don kayan lambu aka yarda da shi, maganin auduga ba na salati ba ne, piya-piya ma ba na fesa wa abin da za a ci ba ne ko da maƙwabcinka yana yi.

Lissafin fesawa haka yake, misali kawai: in aka ce lita 1 a hekta cikin ruwa lita 300, famfon goyo mai lita 15 sau 20 ke nan, kowanne mililita 50, kuma famfo guda na murabba'in mita 500 ne. Mai garkar mita 50 ruwa lita ɗaya da rabi da mililita 5 ya ishe shi, ka auna da sirinji ba da murfin kwalba ba. Abin da ke jikin kwalbar shi ne za ka bi in ya saɓa da littafi. Ka nemi kwanakin jira tsakanin feshi da girbi, a takardun Faransanci DAR suke rubutawa, ka rubuta ranar feshi da ranar da ya halatta ka tsinka. Wallahi wannan ya fi komai a cikin kilasar, domin salatin nan ɗanye ake cinsa kuma ƴaƴan mutane ne ke ci.

Kafin ma ka kai ga kwalba ka duba babin ruwan ƴaƴan dogon yaro da tanka da sabulu, takardun gida sun yi bayaninsa da awo, a ƙaramar garka sau da yawa yana wadatarwa in an fara da wuri.

8. Gwada a fangali biyu, ka rubuta

Duk sabon abin da ka karanta kar ka yi wa garka duka. Fangali biyu maƙwabta, iri guda, dashe rana guda, ɗaya yadda ka saba ɗaya yadda takarda ta ce, kuma abu guda tak za ka canza, in tazara ce tazara kaɗai. Gani ya kori ji. In ka canza taki da tazara da ruwa lokaci guda ko an samu bambanci ba za ka san daga ina ya zo ba.

A kaye kowane iri ka ba shi shafi biyu: sunan iri da inda ka saya (ka manna fakitin ma da salatif, ranar ƙarewarsa tana jiki), ranar zubi, ranar dashe, taki da awonsa, ranar da ka fara ganin ƙwari, girbi da kwando ko buhu, da kuɗin da kasuwa ta saya. In fakitin yana da F1 ka ja layi ƙarƙashinsa, wannan ba a ajiye ƴaƴansa don baɗi, ba ya fitowa kamar uwarsa. Kuma in tsohon ɗan garka na kusa da kai ya faɗi abin da ya saɓa da takarda, kar ka yi masa gardama da littafi a hannu, ka ce Baba bari in gwada, ka rubuta nasa shi ma da sunan wurin. Mutanen Galmi da Madawa sun san albasa tun kafin a buga mata fish.

9. Ajiya, aro, da wanda ba ya jin Faransanci

Gara da ɓera da ƙurar hunturu da yoyon damina su ne abokan gaba. Akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan bulo nesa da bango, kar a ajiye shi ɗaki guda da magani ko buhun taki. Littafin asali yana gida, kwafi ne ke zuwa garka. Mai neman aro ka ce ya kawo kuɗin fotokopi ko ka tura masa a waya, in kuma dole ne ka rubuta sunansa da rana a bayan kaye a gabansa, ba rowa ba ce.

In Faransancin ne matsala, ka sa ɗan lakwal na gida ya karanta maka sannu a hankali, kai kuma kana gyara masa sunayen da ya kasa tunda kai ka san abin a ido, a rubuta Hausarsa a gefe, ko a ɗauki muryar a waya a raba wa ƴan ƙungiya. RECA suna da layin ba manoma shawara da Hausa da Zabarmanci, ana tura musu hoton ganye ko ƙwaro ta WhatsApp, in za ka tura ka ɗauki hoto uku, shukar gaba ɗaya, ganyen ta sama, da ta ƙarƙashi kusa-kusa cikin haske, ka faɗi iri da kwanakinsa da abin da ka riga ka fesa. Amsar da suka ba ka ka rubuta ta a ƴar takarda ka zura cikin ledar wannan irin.

Sai kuma a watan Satumba kafin a fara zuba iri, ka buɗe kilasar ka zare jerin magunguna na bara ka sa sabo, ka duba ko an fitar da sabuwar fish kan kayanka, sannan ka karanta shafukan kayenka na bara kafin ka je sayen iri.